Dutse Mai Murya a Jiratawa

Ruwa ne ya fara kai ƙara. Ranar rabon Asabe ce, wata bazawara mai ɗan fegin zogale a gonakin rani na Jiratawa, kuma ta san Inusa mai rabon ruwa ba ya ƙara wa kowa ko cokali, ba ya kuma rage wa kowa. Da ta dawo bayan azahar ta tarar ruwa ya cika fegin nata ya tsallake kunya yana neman hanyar mota, sai ta kama bakin kanal, magudanar da ke kawo musu ruwa, tana tafe tana masifa. A wajen ƙofar ruwa masifar ta mutu a bakinta. Inusa na kwance rub da ciki, makullin ƙofar a hannunsa, ƙeyarsa a fashe.

Kan ka ce kwabo gari ya taru. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, da ƙafa suke kallo. Abin da ruwa ya bari na sawu, su suka tattake shi. Da aka juya gawar sai ga ɗan ɓarɓashin baƙin dutse maƙale a raunin.

Nan fa magana ta tashi. Kwarin Gulbi yashi ne da laka, duk dutsen da ka gani a nan wani ne ya kawo shi. Baƙin dutse kuwa gida ɗaya aka sani da shi, gidan tsohuwa Baturiya, gwaggon Inusa, wadda ita da ɗanta Kabo har yau suna riƙe da tsafin kakanni. Kuma kowa ya ji labarin kwanan baya, da Inusa ya shiga gidan ya rantse sai ya jefa dutsen tsafin a Gulbi, har suka cakumi juna da Kabo.

Alhaji Maman Lawali ya fi kowa ɗaga murya. Attajiri ne na Maraɗi, ya yi shekaru yana kai hatsi arewa, yanzu yana da babbar gonar albasa a nan. Ba ya ba mutane hannu, don tafinsa ya daɗe da ciwon tsagewa, kullum shafe da man kaɗe. Shi ya ce likkafani na wuyansa.

"Mi ag gardama a nan?" in ji shi. "Baƙin dutse gida guda ad da shi garin ga. Yau Inusa, gobe wa ya sani? Hukuma ta ɗauki yaron, mu kuma mu ƙone ɗakin."

Jandarmomi suka tafi da Kabo da ɓarɓashin dutsen. Mai gari da ƙyar ya roƙi samari su bar gidan tsohuwa har a yi addu'ar mamaci. Suka yarda, amma tun a ranar aka sayi man fetur ɗin da za a yi aikin da shi.

*

Jatau ya sauka daga kabu-kabu rana na shirin yin sanyi. Wan Inusa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai bin sawu a Tsibiri. In an kore wa mutum shanu shi ake kira, kuma ɓarayin dabbobi har bakin iyaka sun san sunansa, ba da alheri ba. Shi ya goyi Inusa bayan rasuwar uwarsu. Ya buɗe fuskar gawar ya daɗe yana kallo, ko ƙwalla bai yi ba. Mutane suka matso da gaisuwa, ya ɗaga hannu.

"Ku riƙe gaisuwarku. Ran da na aza hannu bisa wanda ya yi wanga aiki, ran nan ku zo ku gaishe ni."

Ya tafi bakin kanal shi kaɗai. Ya dubi ƙasar da aka dagula ya ja tsaki, ya naɗe wando ya shiga ruwan, yana laluben laka da yatsun ƙafa. Can ya sunkuya ya ciro rabin wani dutse, shimfiɗaɗɗe kamar tafin hannu, baƙi wuluk, karayarsa sabuwa.

Daga nan ya riƙa zagaye yana faɗaɗawa, yadda yake yi in sawu ya ɓace. A gindin wani gawo, nesa kaɗan da inda jama'a suka tsaya, ya ga wurin da wani ya yi salla: ga gurbin gwiwoyi, ga na goshi. A gefe kuma ga tafin hannu biyu an buga a busasshen yashi, ɗaya da gurbin zobe a ƙaramin yatsa. Sawun takalmin irin na kowa ne, ya je ya ƙare a jar hanya inda tayoyi suka haɗu.

"Wani wawa ne," ya ce a ransa, "ruwa na gudu a gabansa yana taimama." Bai ga abin da ya haɗa wannan da ƙanensa ba. Amma sabo turken wawa, sai da ya samo wata tsohuwar tasa ya kife a kan hannuwan kafin ya tafi jana'iza.

*

Washegari ya sallama gidan Baturiya da wuƙarsa a ƙugu. Ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗakin tsafin, ta kwashe 'yan kayanta ta ɗaure a zane, tana jiran wuta.

"Gwaggo, ba gaisuwa ta kawo ni ba. In Kabo na, ko hukuma ta sake shi, ni ba ni sakin shi."

"Na sani, ɗan wana. Jinin gidanmu na, ba shi yahewa." Ta nuna ɗakin da haɓa. "Shiga ka gani da idonka."

Dutsen na zaune a kan turɓaya, dunƙulalle kamar kan jariri, baƙi. A gefe ɗaya kuwa ga wani wuri ya ɓalle, sabon ɓalli. Zuciyar Jatau ta yi zafi. Ya ciro rabin da ya tsinta ya gwada a gurbin. Bai zauna ba, amma bakin gurbin ya marmashe, ba yadda za a yi a rantse.

"Wa ya ɓalle shi?"

"Ƙanenka, da ƙotar hauya, ran da sunka yi faɗa. Kabo kau sa'adda abin ga ya faru shina Gulbi wurin ciyawa. Amma wa zai tsaya ma Anne irinmu shaida garin ga?"

Jatau ya mayar da rabin dutsen aljihu. Ya so ƙwarai a ce Kabo ne, don mai neman fansa ba ya son tafiya mai nisa.

Tsohuwa ta tashi ta shiga, ta yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, ta naɗe dutsen a baƙin zane ta miƙa masa. 

"Tun kakan kakanka bai taɓa hita ɗakin ga ba. Tahi da shi duk inda ka san ana gane gaskiya. In shi ya kashe Inusa, kai da kanka ka sa ma ɗakin wuta."

*

Akwai kuma Shamsu direban kamiyo, babbar motar kaya, wanda Inusa ya sha korarsa don yana wanke mota a kanal. An ce yana yawo da duwatsun tare taya. Jatau ya same shi a wani gareji a Maraɗi, ƙarƙashin mota. Tun ranar kasuwar da ta wuce motar ke nan a kwance, injinta a ƙasa, makanikai kuma suka shaida. Duwatsun nasa jar marmara ce, in ka murza ta da ƙarfi sai ta bar maka gari a hannu.

"Ni da Inusa zagi na kawai," in ji Shamsu, yana share ido da bayan hannu mai baƙin mai. "Kullum sai mun yi. Yanzu wa za ni zagi?"

Jatau ya bar shi. Hanya biyu ke nan, ɗaya ta mutu, ɗaya ba ta da tabbas. Sai ya tuna da Fadila, ɗiyar maƙwabcinsa a Tsibiri, wadda ke koyar da ilimin duwatsu a jami'a. Shi da yake karanta ƙasa ya san inda karatunsa ya tsaya.

*

Malama Fadila ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara ta'aziyya, ya tare ta. Ya kwance duwatsun biyu a kan teburinta.

"Ɗiyata, wanga daga jikin wancan ya hito?"

Ta ɗauki gilashin ƙara girma ta duba ɓallin dutsen Baturiya, ta duba karayar ɗayan, ta auna nauyinsu a hannu. Ba ta yi gaggawa ba.

"Baba, dukansu wuta ta haihe su. Narke sunka hito daga cikin ƙasa, dutse mai aman wuta ya toho su, sunka sandare da sauri, shi ya sa ƙwayarsu ƙanana. Amma ba gida guda ba ne. Duba nan."

Ya kanga ido a gilashin. Cikin dutsen gwaggonsa baƙi ne har zuciya, da 'yan ƙwayoyi kore-kore kamar an daka kwalba an barbaɗa.

"Koren ga sunanshi olibin. Dutsen kuma bazalt muke ce mishi, ƙarhe ya yi mishi yawa, shi ya sa nauyi da baƙi. Yanzu duba wanga."

Rabin da ya ciro daga kanal baƙinsa a fata kawai yake. Cikinsa toka-toka ne mai ɗan kore, yana maiƙo kamar sabulu, da wasu fararen tsinke-tsinke a kwance.

"Hwararen ga feldispat na. Maiƙon kuma nefelin, wanda ba shi hitowa sai inda dangin kanwa sunka yi yawa, silis kuma, wato abin da ke yin yashi, bai ishe su ba. Mu ba da launi muke raba duwatsu ba, Baba. Muna auna silis, mu auna dangin kanwa, sannan mu san gidan kowane. Na tsohuwa kanwarshi kaɗan ce. Wanga cike yake da ita. Ko shekara dubu sunka yi ɗaki guda, ɗaya ba shi ɓallowa daga ɗaya."

Ta ƙwanƙwasa dutsen Baturiya da makullin ofis. Ya ce ƙwas, ya yi shiru. Ta ɗaura wa rabin zare ta rataye shi a yatsa, ta buga. Ƙara ta tashi siririya, tsaf, kamar an taɓa kofin tangaram, ta ɗan daɗe kafin ta mutu.

"Fonolit ke nan, dutse mai murya. Halle-halle yake tsagewa. Nan kwarin babu shi, sai can Abzin."

"To baƙin fa?"

"Ba nashi ba ne, na hannu na. Ka ga yadda huskar ta yi sumul? Shekaru anka yi ana shahwa shi." Ta kai shi hanci. "Har da man kaɗe ya shiga jikinshi."

Jatau ya tsaya kamar an dasa shi. Dutsen da ake shafawa kullum. Tafin hannu biyu a yashi, ga ruwa na gudu. Ashe ba wawa ba ne, mutum ne da ruwa ke cutarsa, wanda ya saba taimama a kan dutsensa, ranar kuma dutsen ya karye. Ya kashe rai, ya taka 'yan taku, ya tsaya ya yi azahar abinsa. Wannan ya fi komai ƙona wa Jatau rai.

Da yamma ya sami Asabe a fegin zogalenta da ruwa ya kwantar.

"Asabe, cikin masu gona nan, wa ad da dutsen taimama?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rufe shi da tafin hannu. Ta juya ta dubi gonar albasar da ke maƙwabtaka da ita.

*

Ranar addu'a ƙofar mai gari ta cika. An shafa fatiha, an raba gumba, samari na gefe da jarkar fetur, suna jiran a tashi. Jatau ya riga ya je wa shugaban jandarma, don haka ga Kabo an kawo da ankwa, fuskarsa a kumbure. Ga Baturiya a bayan mata, ba wadda ta zauna kusa da ita. Ga Shamsu, ga Asabe, ga Malama Fadila.

"A tashi haka nan," in ji Alhaji Maman Lawali. "Akwai aikin da ya rage."

"Akwai," in ji Jatau. "Amma la'asar ta yi. A yi salla tukuna."

Aka kawo butoci. Kowa ya kama alwala. Alhaji ya zuge 'yar jakar fata da ke rataye a wuyansa, ya ciro shimfiɗaɗɗen baƙin dutse, ya aza a cinya zai shafa. Jatau ya zo ya tsaya a kansa.

"Alhaji, an ce mani wurin taron masu gona, in kana son a yi shiru, zobenka kake bugawa bisa dutsen ga. Ni baƙo na, ban taɓa ji ba. Buga in ji."

"Yau ranar wasa ce, Jatau?"

"Ranar ƙanena ce. Buga."

Alhaji bai motsa ba. Mai gari ya miƙa hannu ya karɓi dutsen, ya ƙwanƙwasa shi da nasa zoben. Ya ce ƙwas. Ya sake. Ƙwas. Dattawa suka dubi juna.

Jatau ya ciro rabin da ke aljihunsa, ya rataye shi da zare, ya buga da bayan wuƙa.

Wurin ya yi tsit. Ba don mamaki ba da farko, don sabo ne: shekara da shekaru in wannan ƙarar ta tashi, masu gonakin Jiratawa shiru suke yi Alhaji ya yi magana. Sai da shirun ya zauna sannan kowa ya gane abin da ya sa shi yin shiru.

"Nawa ya ɓace," in ji Alhaji. "Na sayi wani kasuwa. Laihi na?"

"Wanda kunka saya bazalt na, Alhaji, irin na masu wasa wuƙa," in ji Malama Fadila. "Launin kawai ya yi kama."

"Ya ɓace kam," in ji Jatau. "Cikin kanal na tsince shi, ƙarƙashin inda ƙanena ya hwaɗi. Gindin gawo kuma akwai tasa kihe. Ƙarƙashinta hannu biyu na, da gurbin zobe ga ƙaramin yatsa. Tashi mu tahi ka aza naka a gehe. In bai yi daidai ba, ni za ni sa ma gidan Gwaggo wuta, in haɗa da nawa."

Alhaji ya dubi hannuwansa, ya ɓoye su cikin riga, ya kuma fiddo su. Sai bakin ya ɓalle.

"Albasata tana mutuwa! Na ce ya ba ni ruwan rabin yini, ya ce rabon bazawara na. Na roƙe shi, ni Maman Lawali, na roƙe shi! Ya juya mani ƙeya shina buɗe ma zogale ruwa, awa ba da mutum yake magana ba."

Asabe ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Samarin nan masu jarka, waɗanda ba su da kunya ko ta ƙwayar gero, nan take suka juyo da ita wajen Alhaji. Jandarmomi suka yunƙura, amma Jatau ya riga kowa. Ya tsaya tsakani da wuƙa tsirara.

"Duk wanda ya taɓa shi sai na huda shi. Nawa na."

Ya juya ya dubi Alhaji. Wallahi ba mai cewa ga abin da zai yi. Shugaban jandarma ya kira sunansa a hankali. Jatau ya daɗe a haka. Sannan ya soke wuƙar a ƙasa, ya ɗauki wata buta da ya aje a gefe tun safe, wadda ya ciko a ƙofar ruwan da Inusa ya mutu.

"Miƙo hannunka."

Alhaji ya ƙi. Jatau ya kamo su da ƙarfi, hannuwan nan masu tsaga da ba su taɓa ruwa sai dole, ya riƙa tsiyaya musu ruwan kanal a hankali, har ya shiga kowace tsaga. Alhaji ya cije, ya kasa, ya yi ƙara a gaban duk wanda ya taɓa yi wa shiru.

"Ga ruwan da ka nema," in ji Jatau. "Rabon Asabe na. Ta ba ka."

Bai saki ba sai da butar ta ƙare.

Aka kwance ankwa daga hannun Kabo aka mayar a na Alhaji. Ɗaya rabin dutsen a motarsa aka same shi, naɗe cikin tsumma. Na ubansa ne da ya zo da shi daga Abzin, shi ya sa ya kasa jefarwa. Samari suka sulale ɗaya bayan ɗaya, jarkar ma a nan suka bar ta, har yau ba wanda ya ce tasa ce.

Jatau ya ɗauko baƙin zanen nan ya kai wa gwaggonsa dutsenta da hannu biyu. Ya je gaban Kabo ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Daga nan ya koma tabarmar makoki, wadda bai taɓa zama a kanta ba tun da aka shimfiɗa, ya cire takalmi ya zauna.

"To," ya ce. "Yanzu ku gaishe ni."

Kunya ta hana kowa tashi. Baturiya ce ta ratso ta tsakiyar mutanen da suka sayi man ƙona ta, ta durƙusa a gabansa da dutsenta a goye, ta ce, "Jatau, ina haƙuri?"

A nan ne ya fashe da kuka.